Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Sunderland,
4 ga Janairu, 1971

Zuwa ga Kaka Edna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin shiga sabuwar shekara lafiya. Mu ma nan lafiya lau muke, in ban da tarin Kaka Norman da ya taso masa tun shigowar sanyi.

Na san za ki yi mamakin wannan rubutu. Ni ce Moira, 'yar marigayi Alan, jikar yayanki Norman. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ranar jana'izar kakata Hilda, ina 'yar shekara bakwai. Kin ba ni alewa a ƙofar coci, na kasa cewa na gode, na ɓuya bayan Mama. To, ga godiyar yanzu, bayan shekara takwas. Adireshinki kuma a bayan katin Kirsimetin da kike aiko wa Mama na samo shi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, a makarantarmu ana yin muhawara kowace shekara, a gayyaci iyaye. Ba a barin mutum ya zaɓi ɓangarensa. Malama Pringle takan rubuta "eh" da "a'a" a 'yan takardu, ta zuba cikin hularta, kowa ya ɗauka. Batun bana shi ne: ƙungiyoyin ƙwadago ne suka durƙusar da masana'antun ƙasar nan. Ni na ɗauko "eh".

Kaka Edna, ni ko a aji aka kira sunana sai kunnuwana su ɗau zafi. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Kin san yayanki. Shekara talatin yana wakilin ƙungiya a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Tun rasuwar Baba a gidansa muke zaune, ni da Mama, kuma da jaridar ƙungiya ya koya mini karatu. Bara aka rufe ma'aikatar, amma har yau yana tashi daidai lokacin da jiniya takan yi kuka. Yakan tafi kan gada ya tsaya yana kallon wurin, hannunsa cikin aljihun falmaransa, yana murza 'yar lambar tagullar nan tasa ta aiki. Tun ina ƙarama nake ganin yana murza ta, bai taɓa bari na riƙe ba. Wannan mutumin ne zai zauna yana saurarona ina cewa su suka kashe wurin. Har yanzu ban gaya masa ba.

Malama ta ce hujja take so, ba surutu ba. Mama ta ce kin yi aiki a ma'aikatar lokacin yaƙi. Littafin tarihinmu layi uku kacal ya yi a kan matan da suka yi aikin. Don Allah ko za ki ba ni labari? Wane aiki kika yi, kuma yaya ƙungiya ta riƙe ku?

Na tambayi Mama dalilin da ke da Kaka ba kwa rubuta wa juna. Ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in ci gaba da wanke-wankena. In tambayata ta yi nauyi, ki yi haƙuri, ki share ta.

Jikarki,
Moira Heslop


Coventry,
11 ga Janairu

Jikata Moira,

Wasiƙarki ta iso. Na karanta sau biyu, na biyun da tabarau. Na tuna ki sarai, 'yar siririya cikin baƙar riga da ta yi mata yawa. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwoyi. Mijina Cyril yana gaishe ki, ko da yake bai sani ba, yana can yana minshari a kujera. Tarin yayana kuma, ki ce wa uwarki ta dafa masa albasa da madara da ɗan barkono. Zai yi tsaki, amma zai sha. Kada ki ce ni na faɗa.

Walda na yi. A 1942 maza sun tafi yaƙi, jirage na nutsewa fiye da yadda ake ƙera su, sai aka tuna akwai mata a duniya. Ina gidan wanki a lokacin, ina gugar rigunan mutane. Aka ɗauke mu, mu arba'in da uku.

Ranar farko aka ba kowace lambarta ta tagulla. Da safe ki cire ta daga allon bakin ƙofa ki sa a aljihu, in an tashi ki mayar, a can take kwana. In aka tashi aka ga gurbin lambarki babu komai, to kina cikin jirgi, sai a shiga nemanki ko a raye ko a mace. Tawa ɗari biyu da sha huɗu ce. Kuma duk layin waldar da kika yi, sai ki rubuta lambarki da alli a gefensa, don in ya yi yoyo a san wanda za a zaga. Shekara uku da rabi na yi, ba a taɓa kiran 214 a ce ta sake aiki ba. Ki tambayi wanda kika ga dama.

Aikin ba na wasa ba ne. A kwance muke yi a can ƙasan jirgi, wurin da ko gwiwa ba ki iya miƙewa a kai. Tartsatsi ya shiga wuyan riga, ki bar shi ya gama cin ki, don in kika motsa layin ya karkace. In hasken wutar ya kama idonki, sai ki ji kamar an zuba miki yashi, maganinsa ganyen shayi mai sanyi. Amma ranar da aka tura jirgin farko da na sa wa hannu cikin kogi, sarƙoƙi na ƙara, tsatsa ta turnuƙe sama, na tsaya ina kuka kamar wadda ta aurar da 'ya.

Kin tambayi ƙungiya. Ba ta ba mu katin zama 'ya'yanta ba. Sun ce mu hannun aro ne. Makon farko maza ba su ce mana ko sannu ba. Aka ɓoye mini safar hannu, na yini ina aiki da tsumma.

Yaƙi ya ƙare. Wata ranar Juma'a cikin Nuwamban 1945, lokacin cin abincin rana, aka tara mu a fili. Yayana ya hau kan akwati da takarda a hannu, a matsayinsa na wakilin ƙungiya. Ya ce maza sun dawo, an gode mana, daga yau aikinmu ya ƙare. Sai ya shiga karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya ce, "Heslop, E." Mutumin da tun ina rarrafe Auta yake kirana. Ko ɗaga ido bai yi ba.

Na ciro lambata daga aljihu na jefe shi da ita a ƙirji, na fita. Kafin wata ya cika ina Coventry ina ɗinka kujerun mota, kuma shi nake yi har yau. Sanda ta walda ban sake riƙe ta ba.

Ga hujjarki. Ƙasar da ta koya wa mata arba'in da uku sana'a sannan ta mayar da su gugar riga, kada ta zo tana tambayar abin da ya ci ma'aikatunta. Ki faɗa musu duka, da babbar murya.

Kakarki,
Edna


Sunderland,
17 ga Janairu

Kaka Edna,

Na gode ƙwarai da wasiƙarki. Muna lafiya. Mama ta dafa albasar. Ya yi tsaki, ya sha, sannan ya daɗe yana kallon kofin. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Mama ta ce a rediyo ta ji.

Na gaya masa maganar muhawara. Na jira ya gama shayinsa na ce, "Kaka, ƙuri'a ta ba ni ɓangaren masu cewa ƙungiya ce ta kashe ma'aikatu."

Ya ce, "Wa ya riƙe hular?"

"Malama Pringle."

"'Yar Pringle mai shagon nama? To, ai ba mamaki. Ubanta ma da yatsa yake taimakon sikeli."

Mama ta ce, "Haba Baba, ƙuri'a ce fa."

Ya ce, "Na ji. Tashi tsaye, 'yar majalisa. Faɗa mini yadda muka kashe ta."

Na tashi. Na ba shi labarin da na ji a gari, cewa an taɓa yajin aikin mako uku a kan zaren alli, wai wa ke da ikon ja shi ya saki a kan faifan ƙarfe don fitar da layin yanka, masu ƙarfe ko kafintoci. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Mako biyar ne. In za ki zage mu, ki zage mu daidai."

Daga nan ya daina dariya. Ya ce in tambayi kaina me zai sa magidanci mai hankali ya yi faɗa a kan zare. Ya ce zamanin ubanku maza kan yi layi a bakin ƙofa kowace safiya kamar shanu a kasuwa, shugaban aiki ya fito yana nuna wanda yake so da bakin lofensa na shan taba, sauran su koma gida. Wanda kowa ke iya aikinsa, shi ake fara kora. Ya ce zaren nan abincin 'ya'yan wani ne. Ya kuma ce injinan ɗaga kayan da ke wurin sun girme shi. A shekarun da aka samu riba, masu ma'aikata gidaje suka gina a bayan gari, ba su sayi sabon inji ba. Mutanen Japan suna ƙera jirgi ƙarƙashin rufi, mu muna yi cikin ruwan sama.

Gaskiya, Kaka Edna, in yana magana sai in ga shi ke da gaskiya. In na koma ɗaki na karanta wasiƙarki sai in ga ke ce.

Abin mamaki, yanzu shi ke koya mini. Kullum bayan makaranta sai ya tsayar da ni a bakin ƙofar kicin, shi yana can ƙarshen tsakar gida wajen tattabarunsa. In bai ji ni ba sai ya ce, "Da wa kike, da takalminki?" Ya ce in na shiga zauren in nemi agogon bangon baya in yi magana da shi. Ya ce ɗan gidan Heslop ba ya rabin aiki, ko da aikin shaiɗan aka ba shi. Ya sa Mama ta fito da kwat ɗinsa na zuwa coci, wai a layin gaba zai zauna.

Bai san kin rubuto ba, bai kuma san labarinki yana cikin jawabina ba. In muna gwaji nakan tsallake wurin. Shi ya sa nake tambaya: da gaske kike in faɗa? A gabansa? Ranar 18 ga Fabrairu za a yi. Ana ta cewa ma'aikatan gidan waya za su shiga yajin aiki ranar Laraba, ga shi ba mu da tarho, don haka ki amsa da wuri. In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka maganarki tana nan yadda take.

Jikarki,
Moira


Coventry,
19 ga Janairu

Moira,

Lafiya lau. A gurguje nake rubutu don in kai akwatin wasiƙa kafin a rufe bakinsa.

Kada ki faɗa. Da zafin kai na rubuta waccan. Cyril ya ce rabon da ya ga na karya bakin alƙalami tun ranar da aka ƙara kuɗin bas.

Abin da na rubuta gaskiya ne, amma na rage wasu abubuwa. Tun ranar da aka ɗauke mu an gaya mana aikin na maza ne, aro aka ba mu har su dawo, kuma mun sa hannu. Wannan alkawari ƙungiya ta karɓar musu, don mutum ya tafi yaƙi ya san in ya dawo da rai ba zai tsaya a bakin ƙofa ana nuna shi da lofe ba. Wanda ya karɓi gurbina kunnensa ɗaya ba ya ji, ya bar shi a teku, ga 'ya'ya uku.

Ban kuma gaya miki wanda ya koya mini waldar ba. Norman ne. Wata biyu yana barin abincinsa na rana yana riƙe mini hannu. Shi ya gano wanda ya ɓoye mini safa, kuma ban san abin da ya ce masa ba, amma washegari mutumin da kansa ya kawo ta har da ɗan burodi a ciki.

Abin da ya tsaya mini a wuya ɗaya ne. Karanta sunayen nan aikin shugaban aiki ne, ba na wakili ba. Me ya kai shi karɓar takardar? Ban taɓa tambayarsa ba. Ranar jana'izar Hilda na ga ya nufo ni a ƙofar coci, sai na sunkuya na shiga neman alewa a jaka. Alewar da kike gode mini, guje masa nake yi.

Wannan magana tsakanina da shi ce. Tsoho ne, an rufe masa ma'aikata, ke kaɗai kika rage masa. Kada a ɗauke masa ke a bainar jama'a saboda ni. Ki yi da zaren alli, ya isa.

Kakarki,
Edna


Sunderland,
7 ga Fabrairu

Kaka Edna,

Da fatan kina lafiya, gwiwoyi sun yi sauƙi. Ban san ranar da wannan za ta same ki ba. An rufe bakin akwatunan wasiƙa duk garin, kuma babu abin da ya iso daga gare ki. Ina dai rubutawa in ajiye cikin littafin lissafi.

Kaka kullum sai ya kai wa masu yajin shayi a bakin gidan waya. Jiya ya gan ni ina leƙen ƙofa ya ce, "Wasiƙar wa kike jira, 'yar majalisa? In saurayi ne kawo in ɗaura wa tattabara, su ba su da ƙungiya." Na ce ba kowa. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa.

Na san shirunki na yajin aiki ne, ba amsa ba ce. Wautata ce da na ce zan ɗauke shi amsa. Amma maganarki ta ƙarshe da ke hannuna ita ce in faɗa duka. Na gwada cire labarin, sai jawabin ya zama fanko. Kuma nakan yi tunanin layi ukun nan na littafinmu. In ban faɗa ba, wa zai san an yi ku? Zan faɗa, amma ba zan ambaci suna ba, lamba kawai. Mai yiwuwa ma ya manta lambar.

Moira


Sunderland,
21 ga Fabrairu

Kaka Edna,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya. An yi muhawara ranar Alhamis da rana, kuma gara in ba ki labarin yadda ya faru.

Zaure ya cika. Kaka yana layin gaba cikin kwat ɗinsa, hularsa a kan gwiwa. Sheila Nattrass, wadda ta ɗauki "a'a", ita ta fara. Ta iya magana ƙwarai. Duk abin da ta faɗa Kaka sai ya gyaɗa kai, har sau ɗaya ya ce "haka ne" da ƙarfi, Malama ta harare shi.

Da aka kira ni na nemi agogo na same shi. Na fara da zaren alli, na ce mako biyar. Aka yi dariya, shi ma ya yi, har ya juya yana nuna wa na bayansa cewa jikarsa ce. Muryata ta fita yadda ban taɓa jin ta ba.

Sai na ce, akwai wata mata a garin nan, lambarta ɗari biyu da sha huɗu. Na faɗi kwanciya a ƙasan jirgi, da tartsatsi, da shekara uku da rabi ba a ce ta sake aiki ba. Na faɗi ranar Juma'a da akwati da takarda. Ban ce wanda ya hau akwatin ɗan'uwanta ne ba. A nan na yi kuskuren da ya hana ni, na sauke ido daga agogo. Hannunsa yana cikin aljihun falmaran, fuskarsa ta yi fari kamar alli. Bai manta ba.

Na ƙarasa dai, ban san yadda aka yi ba. Aka ɗaga hannu, ɓangarenmu ya ci. Wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe ni a bakin ƙofa ta ce, "Edna Heslop ke nan. Ni 220 ce." Ta matse mini hannu har ya yi zafi. Ashe ɓoye sunan bai ɓoye komai ba, rabin zauren sun sani.

Kaka bai jira mu ba. Da muka isa gida yana ɗakin tattabaru, ya rufe ƙofa. Da ya shigo shan shayi ya ce, "Muryarki ta kai bango." Shi ke nan. Yau kwana uku bai ce mini 'yar majalisa ba. Moira yake cewa, kamar malamin makaranta. Ba ya faɗa, ba ya nuna fushi. Ya dai daina zuwa gada.

Mama ta ce da ma ita na fara tambaya kafin in faɗa. Gaskiyarta. An ba ni kyautar littafi, na tura shi ƙarƙashin gado. Abin da na faɗa ba ƙarya ba ne, to me ya sa nake ji kamar na yi sata?

Moira


Sunderland,
11 ga Maris

Kaka Edna,

Muna lafiya, tarin ma ya lafa. Yajin aiki ya ƙare, kuma jiya wasiƙarki ta 19 ga Janairu ta iso, bayan mako bakwai a cikin buhu. Na karanta "Kada ki faɗa" a tsaye a bakin ƙofa, na zauna a kan matakala na yi kuka. Ga waɗanda na ajiye nan na haɗa miki, za ki ga aikin gama ya gama. Ki yafe mini.

Na yi wani abu kuma ba da izininki ba. Na ɗauki wasiƙunki biyu na kai masa ɗakin tattabaru. Na ce, "Kaka, na yi maka ƙarya, wasiƙar Kaka Edna nake jira. Ga su."

Ya karanta ta farko. Ya karanta ta biyu. Da ya zo wurin alewa ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce. Ya ce, "Na gan ta. Jakar nan babu abin da ba ta juye ba."

Sai ya sa hannu a aljihu ya ce, "Buɗe hannunki." Ya ajiye mini lambar tagullar. Ta sha murza har ta yi santsi, amma ana iya karantawa. 214.

Na ce, "Na zaci taka ce."

Ya ce, "Tawa 87. A kan allo take kwana, ba ki karanta wasiƙar kakarki ba? Ranar da aka rufe na mayar musu abinsu. Wannan a ƙasa na tsince ta. Da aka tashi ranar an ga gurbi babu komai, har an fara haɗa masu shiga jirgi nemanta. Na ce su bari, na san inda take."

Na tambaye shi abin da kika ce ba ki taɓa tambaya ba. Ya ce shugaban aiki cewa ya yi a manna takardar a bakin ƙofa, kowace ta zo ranar Litinin ta ga sunanta ta juya. Shi kuma ya ce matan da suka ƙera jirgi goma sha ɗaya ba za a sallame su da ƙusa da guduma ba, sai mutum ya tsaya a gabansu ya faɗa da bakinsa, su sami wanda za su tsana. Na ce to me ya sa "Heslop, E."? Ya daɗe yana gyara wa wata tattabara fiffike. Ya ce, "Akwai sunaye ashirin da shida bayan nata. Da na ce Auta, ba zan kai ƙarshe ba."

Na ce yana fushi da ni? Ya ce ya yi, na kwana goma, sannan ya gane ba da ni yake ba. Ya ce har gobe ba ƙungiya ce ta kashe ma'aikata ba, kuma in aka sake ba shi takardar zai sake karantawa, don alkawari alkawari ne. Amma kati kam, ya kamata a ce an ba ku, kuma shi bai buɗe baki ba a taron da aka hana. Ya ce, "Wannan ki rubuta a littafinku, 'yar majalisa, layi na huɗu."

Ya karɓi lambar ya mayar aljihu. Yau da safe ya ba ni wata 'yar takarda a ninke, ya ce in sa a ambulan ɗina don kada a ɓata kan sarki biyu. Ban karanta ba.

Jikarki,
Moira


Auta,

Ina lafiya. Albasar ta yi aiki. Na san taki ce, babu mai sa mata barkono sai ke da Inna.

Yarinyar nan ta kayar da ni a gaban mutum ɗari biyu. Ni na koya mata, kamar yadda na koya miki. Da alama ba na jin magana.

Waldarki ta fi tawa. Na sani tun a wata na uku, ban faɗa ba.

Akwai kayanki a wurina, shekara ashirin da biyar. Ba zan sa a ambulan ba. Gidan waya ba abin dogaro ba ne, duk 'yan ƙungiya ne. Ki zo ki karɓa.

Norman


Coventry,
15 ga Maris

Jikata Moira,

Babu abin yafewa. Da wasiƙata ta iso a kan lokaci, da yanzu kowa yana zaune da mutuncinsa da shirunsa. Ki fito da littafin nan daga ƙarƙashin gado. Ki kuma nemo mini 220, Peggy ce, ki ce mata ta tanadi bakin hira.

Ki gaya wa kakanki ranar Asabar mai zuwa zan iso a jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu. Ya zo tasha da kansa, ya sa kwat ɗin nan. Ba zan zo da jaka ba, balle in sami abin dubawa a ciki.

Kakarki,
Edna